Sharar Da Ba a Kai Ta Juji

Ranar 13 ga watan Satumba na shekarar 1987, waɗansu samari biyu masu tsintar tsofaffin ƙarafa suka shiga kangon wani asibiti a birnin Goyaniya na ƙasar Barazil. Asibitin na masu ciwon daji ne. Ya tashi ya koma sabon mazauni tun a 1985, amma aka bar wata na'urar gashi a tsohon ginin, ana ta jayayya a gaban kotu kan mallakar wurin. Samarin suka kwance kan na'urar, suka ɗora a baro, suka tura gida, suna murna sun sami ƙarfe mai nauyi. Da suka yi ta dukansa har ya fashe, sai suka iske wani ɗan ƙoƙo a ciki, ɗauke da gari mai kama da gishiri. Bayan 'yan kwanaki suka sayar wa wani dillalin gwangwan.

Da dare dillalin ya lura garin nan yana ba da wani shuɗin haske mai ban sha'awa. Ya ɗauka ya yi tsintuwar dami a kala. Ya shiga da shi cikin gida, ya kira 'yan'uwa da maƙwabta su zo kallo, har ya riƙa gutsura musu ƙwayoyi kamar na shinkafa. Wasu suka shafa a jiki don ado. Wata yarinya 'yar shekara 6, 'yar ɗan'uwansa, ta yi wasa da garin a ƙasa, sa'an nan ta ci abinci da hannun nan ba ta wanke ba. Ba a jima ba mutanen gidan suka soma amai da gudawa, fatar hannuwansu ta kukkumbura kamar wuta ta ƙone su. Likitocin farko da suka gan su sun zaci wani abu suka ci. Matar dillalin ce ta lura cewa tun ranar da ƙarfen nan ya shigo gida lafiya ta ƙaura. Ranar 28 ga wata ta sa aka zuba ragowarsa a jaka, ta hau motar haya da shi, ta dire shi a kan teburin wani jami'in lafiya. Kashegari wani masanin fiziya ya zo da na'urar awo, tun bai ƙarasa ginin ba allurar na'urar ta kai maƙura.

Garin nan sunansa siziyom-137, nauyinsa duka gram 93 ne, abin da bai cika tafin hannu ba. Mutum huɗu suka rasu, ciki har da yarinyar da matar da ta tona asirin abin. An tara mutane wajen 112,000 a filin wasa ana auna su ɗaya bayan ɗaya, aka sami 249 da garin ya taɓa. An rushe gidaje, an kankare ƙasar tsakar gida, an kwashe tufafi da kujeru da dabbobi. Sharar da aka tara ta kai mita kubik 3,500, wato abin da zai cika kwantena fiye da 100, aka kai ta wani wuri mai nisan kilomita 20 daga birnin, inda take binne cikin kankare.

Na fara da wannan labari ne don in kafa hujja a kan ra'ayin da nake so ɗalibai da malamansu su auna. Idan aka ambaci sharar nukiliya, yawancinmu mukan tuna da manyan tashoshin lantarki na Turai da Amurka, mu ce wannan matsalar masu kuɗi ce, kuma ai an ce ilimi ya kasa gano maganinta. Ni kuwa a ganina duka maganganun biyu akwai gyara. Ilimin yadda za a killace wannan shara ya samu tun da daɗewa. Abin da ke wahalar samu shi ne riƙon amana: wanda zai ce wannan kaya nawa ne, ya rubuta shi, ya tanadi kuɗin tsaronsa, ya miƙa wa na bayansa hannu da hannu. A Goyaniya babu tukunyar nukiliya, babu bam. Na'urar asibiti ce kawai wadda mai ita ya tafi ya bari.

Kafin mu yi nisa, bari mu waiwayi darasin aji. Wasu ƙwayoyin zarra cibiyarsu ba ta da natsuwa, takan farfashe da kanta, tana fitar da wani ƙarfi da ido ba ya gani, hanci ba ya shaƙa. A rediyo akan kira shi tururin nukiliya, ko da yake sunan yana iya ruɗa ɗalibi, don ba irin tururin tukunya ba ne. Iri uku aka fi sani. Alfa, takarda ma tana tare shi, amma idan abin da ke fitar da shi ya shiga ciki ta abinci ko ta numfashi, ɓarnarsa babba ce. Beta yana bukatar fallen ƙarfe marar kauri. Gama kuwa sai dalma ko kankare mai kauri ko ruwa mai zurfi. Duk abin da ke fitar da wannan tururi, kuma an gama amfani da shi, shi ne sharar nukiliya.

Bambancinta da sharar da muka saba guda ɗaya ne, amma babba. Sharar gida akan ƙone ta ta zama toka, ko a bar ta a juji ta ruɓe ta zama taki. Gubar masana'antu ma sau da yawa akan haɗa ta da wani sinadari a karya ƙarfinta. Wannan kuwa wuta ba ta taɓa cibiyar ƙwayar zarra, tafasawa ba ta taɓa ta, ruwan batir ba ya taɓa ta. Lokaci kaɗai ke cin ta, kuma kowane iri da nasa agogo. Masana suna auna wannan da abin da za mu kira rabin wa'adi, wato tsawon lokacin da rabin ƙwayoyin za su farfashe. Bayan wa'adi ɗaya saura rabi, bayan biyu saura rubu'i, bayan uku saura sumuni. Ɗalibi ya ci gaba da rabawa da alƙalami, zai ga bayan wa'adi goma saura kashi ɗaya cikin 1,024.

To ga inda lissafin yake da daɗi. Teknitiyom-99m da ake yi wa marasa lafiya allura don ɗaukar hoton gaɓoɓi, rabin wa'adinsa awa 6 ne, saboda haka kwana uku sun isa. Aidin-131 na maganin maƙoƙo, kwana 8. A kulle shi a ɗaki wata uku, an gama. Kobal-60 shekara 5 da 'yan watanni. Siziyom-137 shekara 30. Ke nan garin Goyaniya ya rage rabi a 2017, zai koma rubu'i a 2047, ba zai sauko kashi ɗaya cikin dubu ba sai wajejen 2287. Mai karatu ya juya baya ya ƙirga shekara 300 daga yau, zai tarar ko Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba a haifa ba tukuna. Fulutoniyom-239 kuwa rabin wa'adinsa shekara 24,100 ne, alhali rubutun ɗan'adam mafi tsufa da aka sani bai wuce shekara 5,000 da 'yan kai ba.

Saboda wannan bambanci ne ake kasa sharar. Kusan kashi 90 cikin 100 na yawanta mai rauni ce: safar hannu, rigunan aiki, tsummoki, kwalabe, sirinji. Duk yawan nan nata, kimanin kashi 1 cikin 100 na tururin kawai take ɗauke da shi. Akan matse ta da injin, ko a ƙone mai ƙonuwa a tace hayaƙin a riƙe tokar, a zuba a durom, a cika da siminti, a binne a ramukan kankare kusa da doron ƙasa. A lura, duk wannan sarrafawa rage girma ne da hana yaɗuwa, tururin yana nan yadda yake. Mai ƙarfin kuwa ba ta wuce kashi 3 cikin 100 na yawan sharar ba, amma ita ke ɗauke da kashi 95 na tururin. Ita ce sandunan yuraniyom da suka gama aiki a tukunyar nukiliya.

Babbar tasha mai ba da megawat 1,000 takan fitar da tan 20 zuwa 30 na irin waɗannan sanduna a shekara. Ba yawa, in an gwada da tokar da tashar kwal ke zubarwa. Sai dai suna fitowa da zafi ƙwarai, kuma ba sa hucewa don an kashe tukunya, domin farfashewar tana ci gaba. Akan nutsa su a tafkin kankare mai zurfin mita 12 ko kusa da haka, ruwan yana sanyaya su yana kuma tare tururin, su yi shekaru a nan. Daga baya a mayar da su cikin manyan randunan ƙarfe da kankare waɗanda iska ke sanyayawa. Abin da sakaci da wannan zafi ke jawowa ya bayyana a Tarayyar Sobiyet ranar 29 ga Satumba, 1957, a masana'antar Mayak kusa da garin Kishtim: na'urar sanyaya wata tankar shara ta lalace ba a gyara ba, tankar ta bushe ta yi bindiga, aka kwashe mutane wajen 10,000 daga ƙauyukansu. Hukuma ba ta amsa cewa abin ya faru ba sai 1989.

Faransa ta ɗauki wata hanya. A masana'antar La Hag ana narkar da sandunan a ware yuraniyom da fulutoniyom, waɗanda su ne kusan kashi 96 cikin 100, don a sake amfani da su. Ragowar kashi 4, wadda ita ce mafi zafi, a gauraya ta da narkakken gilashi a zuba a tulunan ƙarfe ta daskare. Dabara ce mai kyau, don gilashi ba ya saurin narkewa a ruwa. Amma tana da tsada, kuma tulunan nan ma sai an nema musu makwanci. Ko ta ina aka bi, tambayar tana nan tana jira: ina za a ajiye abin da zai daɗe fiye da kowace daula da tarihi ya sani?

An taɓa amsa ta da amsar rago. Daga 1946 zuwa 1993 ƙasashe 13 sun riƙa loda duromomi a jirgi suna jefawa cikin teku, kafin yarjejeniyar Landan ta haramta hakan gaba ɗaya. An kuma yi shawarar harba sharar sararin sama, sai aka tuna roka takan fashe a hanya. Amsar da galibin masana suka tsaya a kanta ita ce binnewa can cikin dutse mai zurfi, wanda ya yi miliyoyin shekaru bai motsa ba, inda ruwa ba ya gudu sai da ƙyar. Hujja mafi ƙarfi a kan wannan daga Afirka ta fito. A 1972 masanan Faransa suka gano cewa a mahaƙar Oklo ta ƙasar Gabon, kusan shekara biliyan 2 da suka wuce, yuraniyom ya kama aiki da kansa a ƙarƙashin ƙasa kamar tukunyar nukiliya, ya yi ta ci yana tsayawa na tsawon dubban ɗaruruwan shekaru. Ya bar shara irin wadda tashoshinmu ke bari, ba durom ba gilashi. Da aka auna, sai aka tarar fulutoniyom da yawancin sharar mai nauyi ba su yi nisa da inda aka haife su ba. Dutse ya riƙe amanar.

Mutum ne bai cika riƙewa ba. A Jamus, daga 1967 zuwa 1978, an zuba durom kusan 126,000 a tsohuwar mahaƙar gishiri ta Asse, wasu ma da katafila aka tuntsura su rami, kuma bayanin abin da ke cikin da yawansu bai cika ba. An ce wurin busasshe ne har abada. A 1988 ruwa ya fara tsattsafowa, kimanin lita 12,000 kowace rana. A 2013 majalisar ƙasar ta yi dokar a tono su duka, aikin da zai ci shekaru da biliyoyin kuɗi. A Amurka kuma, a ma'ajiyar da ke jihar Niyu Meziko, mai zurfin mita 655 cikin gishiri, wadda aka buɗe a 1999, wani durom ya fashe a watan Fabrairu na 2014. Dalilin zai ba mai karatu dariya da takaici. Akan zuba irin ƙasar nan da Turawa ke shimfiɗa wa kyanwa don bayan gida, domin ta tsotse ruwan sharar. Wadda ta dace ta yumɓu ce, sai aka canza aka sayo wadda aka yi da alkama, ita kuwa ta haɗu da sinadaran da ke ciki ta ɗau zafi. Kuskuren kalma a takardar umurnin aiki ya rufe ma'ajiyar kusan shekara uku.

Akwai kuma gazawar da ba ta injiniya ba. A 1987 majalisar Amurka ta zaɓi tsaunin Yuka na jihar Nebada, kimanin kilomita 150 daga Las Begas, ya zama makwancin sandunan ƙasar baki ɗaya. Wurare uku ake nazari, aka jefar da biyu, aka ɗora wa jihar da ba ta da yawan wakilai, ba ta kuma da tashar nukiliya ko ɗaya. Mutanen Nebada suka ce ba su yarda ba, suka yi ta shari'a da siyasa. Bayan an kashe biliyoyin daloli ana haƙa ana gwaji, gwamnati ta daina ba aikin kuɗi a 2011. Doka ta ce tun 1998 ya kamata gwamnati ta fara karɓar sandunan daga kamfanoni. Ga shi kimanin tan 90,000 suna zaune a tafkuna da randuna a harabar tashoshi, gwamnati na biyan kamfanonin diyyar saɓa alkawari.

Sai a gwada da Finlan, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 6 ba. A da takan mayar da wani kaso na sandunanta Rasha. A 1994 ta gyara dokarta ta ce sharar da aka yi a Finlan a Finlan za a binne ta, ba fitarwa ba shigowa. Kamfanonin lantarki suna zuba kuɗin binnewa a wani asusun gwamnati tun suna cikin sayar da wuta, ba sai sun tsufa sun talauce ba. Sa'an nan doka ta ba ƙaramar hukumar da za a yi aikin a cikinta ikon cewa a'a, kuma a'arta ta zauna. A 2000 majalisar ƙaramar hukumar Yurayoki ta amince da ƙuri'a 20 a kan 7, a 2001 majalisar ƙasa ta amince da 159 a kan 3. Aka fara haƙa a 2004 a tsibirin Olkiluwoto, aka sa wa wurin suna Onkalo, wato kogo. Zurfinsa ya haura mita 400 cikin dutsen da ya kusa shekara biliyan 2. Za a sa sandunan cikin ƙarfen zubi, a sa wannan cikin tulun jan ƙarfe mai kaurin santimita 5, a kewaye tulun da wani yumɓu mai kumbura idan ya sha ruwa har ya toshe kowace kafa, sa'an nan dutse ya rufe duka. Shinge huɗu ke nan, in ɗaya ya gaza saura uku. A 2024 aka fara gwajin aikin da tulunan da ba sanduna a ciki. Suwidin ta bi sahu, ta fara haƙa tata ma'ajiyar a Fosmak a farkon 2025.

Ba ina cewa an gama gardama ba ne. Wasu masana a Suwidin sun yi jayayya cewa jan ƙarfe yana iya cinyewa da wuri fiye da yadda aka lissafa, har kotun muhalli ta ƙasar ta nemi ƙarin hujja a 2018 kafin gwamnati ta amince a 2022. Kuma babu mai iya tsayawa shekara 100,000 ya ga sakamakon gwajinsa. Amma mai sukar binnewa ya kamata ya faɗa mana zaɓinsa. Barin sandunan a doron ƙasa yana nufin dole a sami gwamnati da albashi da masu gadi da zaman lafiya, ba fashi, har tsawon zamanin da ya ninka tarihin rubutu sau ashirin. Na fi amincewa da dutse.

Wani zai ce, to me ya hana a nemi inda ba kowa, kamar hamada, a biya masu wurin a zuba a can? Wannan tunani mun ɗanɗana shi. A 1988 aka gano tan fiye da 3,000 na gubar masana'antu daga Italiya jibge a wani fili a garin Koko, cikin jihar Delta ta yanzu, ana biyan mai filin dala 100 a wata. Ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Italiya ne suka tsegunta wa jaridu. Gubar sinadarai ce, amma darasin ɗaya ne, shara takan gangara inda doka ta yi rauni kamar yadda ruwa ke bin kwari. Shi ya sa yarjejeniyar Bamako ta 1991 ta haramta shigo da shara mai guba Afirka, ta kuma ambaci ta nukiliya da sunanta, abin da yarjejeniyar Bazel ta 1989 ta bari a waje. Wanda ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski. Ƙasar da ta sha wutar ita za ta riƙe tokar.

Hamadar ma da ake cewa ba kowa, akwai mutane, kuma tuni akwai shara. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, arewa da Agadas. A cikin tan guda na dutse, yuraniyom ɗin 'yan kilo ne kawai. A niƙa dutsen, a tsame su, a zubar da dusar. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne kusan kashi 80 cikin 100 na tururin yana cikin dusar nan, domin toriyom-230 mai rabin wa'adin shekara 75,000 da radiyom-226 mai shekara 1,600 ba su bi yuraniyom zuwa Faransa ba. Radiyom kuma yana haifar da iskar radon, wadda shaƙarta ke jawo ciwon dajin huhu. Da mahaƙar Kominak ta Akuta ta rufe a watan Maris na 2021, ta bar tudun dusa na kimanin tan miliyan 20, wanda aka tsara rufe shi da yumɓu da duwatsu mai kaurin mita biyu. Tun a 2003 wata cibiyar awo mai zaman kanta daga Faransa ta sami gurɓatattun ƙarafan mahaƙa a kasuwar Arlit, inda maƙera ke saye, a 2009 kuma ƙungiyar Greenpeace ta auna tururi mai yawa a titunan Akokan da aka yi wa ciko da duwatsun mahaƙa. A 2025 gwamnatin Nijar ta mayar da kamfanin Somair hannunta. Ko mutum yana goyon bayan wannan mataki ko yana suka, ya kamata ya yi tambaya guda: a takarda, wa ke da alhakin tudun nan, kuma a wane asusu kuɗin kula da shi yake? Hannun jari yakan sauya mai shi cikin yini ɗaya, toriyom kuwa bai san an yi ba. Makamancin haka, ko da yake bai kai wannan ba, yana tudun Jos, inda dusar kuza ke ɗauke da yashi mai toriyom, kuma akan ɗebe ta a yi gini.

Duk da haka, ban bi masu cewa mu nisanci nukiliya ɗungurungum ba. Wanda ya taɓa raka mai ciwon daji layin gashi ya san na'urorin nan ƙaranci suke yi mana. Kamfanonin mai suna zura irin waɗannan ƙoƙuna cikin rijiya don auna dutse, masu walda bututu suna ɗaukar hoton haɗi da su, masana'antun siminti da na lemo suna awo da su. Suna nan tare da mu, kuma kowannensu wata rana zai tsufa. Ranar tsufansa ita ce ranar haɗari, domin ya daina kawo kuɗi, mai kula da shi ya yi ritaya, an ture shi sito. A ƙarshen 2002 ƙoƙo biyu na wani kamfanin aikin mai suka ɓace a yankin Neja Delta, daga baya aka gano su a Jamus cikin tarkacen ƙarfe. A Tailan a 2000 kobal-60 da aka yasar a wani filin ajiye motoci ya kashe mutum uku ta hannun 'yan gwangwan. A Delhi ta Indiya a 2010, wata jami'a ce ta yi gwanjon tsohuwar na'urar ɗakin gwaji a matsayin ƙarfe, mutum ɗaya ya mutu. Jami'a fa, inda ake koyar da rabin wa'adi.

Muna da abin da za mu nuna na kirki. Ƙaramar tukunyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, mai kilowat 30, wadda ta fara aiki a 2004, an canza mata makamashi a 2018, aka mayar da tsohon ƙasar Sin inda ya fito. Haka ya kamata a yi da kowane ƙoƙo: kada a sa hannu a takardar saye sai an rubuta cewa mai sayarwa zai karɓi kayansa in ya tsufa, kuma an ware kuɗin jigilar tun ranar. Hukumar kula da harkokin nukiliya ta Nijeriya, wadda dokar 1995 ta kafa ta kuma fara aiki a 2001, ita ke da alhakin rajistar waɗannan kaya. Rajista aiki ne marar armashi, ba a yanka zare a ranar da aka sabunta shi, amma shi ne abin da aka rasa a Goyaniya. Kuma duk lokacin da aka taso da zancen gina tashar lantarki ta nukiliya a ƙasashenmu, ina ganin ɗalibin da ya ɗaga hannu ya tambayi inda sandunan za su kwana bayan shekara 60 ya fi mai tambayar yawan megawat fahimtar darasin.

Saura abin da ya rataya a wuyan malamin makaranta. A yawancin haɗurran da na ambata na ƙoƙuna, waɗanda suka fara taɓa kayan 'yan jari-bola ne da iyalansu, kuma a garuruwanmu yara da yawa suna wannan sana'a bayan an tashi daga makaranta ko a madadinta. Alamar nan mai fuka-fuki uku kamar farfelar fanka, baƙa ko ja-ja a kan rawaya, tun 1946 ake amfani da ita, amma bincike ya nuna wanda ba a koya masa ba ba ya gane ta. Saboda haka a 2007 Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta ƙaro wata: jan alwatika mai ƙoƙon kan mutum da hoton mutum yana gudu. Zana su biyun a allo ba zai ci minti biyar ba. A gaya wa yara cewa ƙaramin ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa, mai wannan alama, ba a ɗauka, ba a fasawa, ba a sawa aljihu. A ja da baya, domin duk sa'ad da nisa ya ninka biyu, tururin da ke isa jiki yakan koma rubu'i. A hana wasu matsowa, a sanar da 'yan sanda ko jami'an lafiya, a kuma faɗa wa likita abin da aka taɓa, tun bai ɗauka amai da ƙunar hannun daga abinci suka zo ba.